Cibi a yaro da babba: abin da ke ƙarƙashin cibiya, da lokacin da ake jira da lokacin da ba a jira

Jariri na tsala kuka cibiyarsa ta turo waje ta yi tsini, yana yin barci ta lafa ta koma. Wannan shi ake kira cibi. A gidaje da yawa laifin yakan faɗa kan ungozoma, a ce ba ta iya yankan cibiya ba, ko kan mai jego, a ce ba ta gasa ta yadda ya kamata ba. Duka biyun ba su da hannu a ciki. Matsalar ba a fata take ba, tana can ƙarƙashi, a wani ɗan rami da ke bangon ciki, wanda kowane ɗan Adam da shi ake haifarsa. A wasu yakan rufe cikin makonni, a wasu sai an yi shekaru, a wasu kuma ya rufe ya sake buɗewa bayan girma.

Abin da ke bi ta cibiya kafin haihuwa

Igiyar cibiya ta jaririn da ya cika wata tara tana kai santimita 50 zuwa 60, kaurinta kusan santimita 2. Jijiyoyin jini uku ne a cikinta. Babba guda ɗaya tana kawo jini mai ɗauke da iska da abinci daga mabiyiya, ƙanana biyu suna mayar da jinin da ɗan tayi ya gama amfani da shi. Wani farin abu mai yauƙi ya lulluɓe su don kada su lanƙwashe jini ya tsaya.

A farkon ciki akwai ƙarin hanyoyi biyu da ke bi ta wannan ƙofa: ɗaya ta haɗa cibiya da ƙaramin hanji, ɗaya ta haɗa ta da saman mafitsara. Hanjin kansa ma sai da ya taɓa fita ta nan. Wajen mako na 6 yakan yi saurin girma har cikin ɗan tayi ya kasa ɗaukarsa, sai ya shige gindin igiyar cibiya, ya juya a can, ya dawo tsakanin mako na 10 da na 12. Bayan dawowarsa ne ƙofar ke fara tsukewa, ta bar daidai wurin da jijiyoyin uku za su wuce.

Da an haihu an yanke igiya, jini ya daina bin waɗannan hanyoyi, sai kowacce ta bushe ta zama zare mai tauri a cikin ciki. Babbar jijiyar ta zama zaren da ya tashi daga cibiya ya haura zuwa hanta. Ƙananan biyu suka zama zaruruwa da suka gangara ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu, hanyar mafitsara kuma ta zama zare na uku a tsakiyarsu. A nan bayanin cibin jarirai yake. Rabin ƙasa na zoben cibiya yana da zaruruwa uku masu kauri da suka riƙe shi, rabin sama ba shi da komai sai jijiya ɗaya mai siririn bango. Shi ya sa ta saman zoben ne abin yakan ɓullo.

Shi kansa bangon ciki hawa-hawa ne: fata, kitse, tsoka, sai siririn tantanin da ya kewaye kayan ciki. Dogayen tsoka biyu sun taso daga haƙarƙari zuwa ƙashin mara, tsakaninsu akwai farin layi mai tauri wanda babu tsoka a cikinsa. Cibiya rami ce a tsakiyar wannan layi. A daidai wurin babu kitse, babu tsoka, fata ce kawai manne da tabo. Idan kitse ya taru a kewaye sai tsakiyar ta lotsa, shi ne zurfin cibiya da ake gani. Saboda nan ne wuri mafi siranta a bangon ciki, likitocin da ke tiyata da kyamara ta nan suka fi shiga. Wannan sirantar ita ce kuma ke jawo cibi.

Kula da guntun cibiya magana ce daban, amma ba a raba ta da wannan. Guntun yakan bushe ya faɗi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Gashi da tsumma mai zafi, ko shafa toka, man goge baki ko kashin shanu, ba ya hana cibi, sai dai ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya, ciki har da mai sarƙe haƙoran jariri, domin jijiyar da ta nufi hanta ba ta gama toshewa ba a kwanakin nan. Abin da hukumomin lafiya a Najeriya suka amince da shi shi ne man kulohezidin mai ƙarfin kashi 4 cikin 100, a shafa sau ɗaya a rana a makon farko. Na cibiya ne kaɗai. An samu jariran da suka makance saboda an ɗiga musu shi a ido.

Cibin yara

Idan zoben bai gama rufewa ba, duk sanda jariri ya yi kuka, tari ko yunƙurin kashi, matsin da ke cikin ciki yakan turo tantani ta ramin, hanji ko kitsen da ke rufe hanji ya biyo shi, su tsaya a ƙarƙashin fata. Abin ya yi kama da tayar keke da ta tsage: tib ne ke leƙowa ta tsagar idan iska ta yi yawa, amma lalacewar a taya take. Kuka yana nuna cibi ne kawai, ba ya haifar da shi.

Kusan jariri ɗaya ko biyu cikin goma ana ganin haka a jikinsu. A bakwaini da ba su kai kilo ɗaya da rabi ba abin yakan kai uku cikin huɗu. Ya fi yawa ƙwarai a yaran baƙar fata. Wani bincike da aka yi a Ogbomoso aka wallafa a 2001 ya samu cibi a kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara 18, ya kuma nuna cewa ramin na ci gaba da rufewa da kansa har wajen shekara 14. Haka nan ana yawan ganinsa a yara masu larurar Down da waɗanda aka haifa da ƙarancin sinadarin tayirod, wanda wata 'yar gaɓa a gaban wuya ke samarwa. Jariri mai cibi da ke yawan barci, ba ya son tsotso, kashi na masa wuya, shawara ta daɗe ba ta wuce ba, harshensa kuma ya yi girma, gwajin jini yake buƙata da wuri, domin rashin wannan sinadari yana taɓa ƙwaƙwalwa, maganinsa kuwa ƙwaya ce.

Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne auna matsalar da tsawon abin da ya turo. Likita ba wannan yake dubawa ba. Yakan kwantar da yaro a rigingine lokacin da ya natsu, ya danna kumburin a hankali har ya koma (wani lokaci a ji ƙarar hanji), sa'an nan ya sa kan yatsa ya ji gefen ramin. Faɗin ramin shi ne magana. Wanda bai kai santimita 1 ba kusan kullum yakan rufe da kansa. Wanda ya wuce santimita 1.5 zuwa 2, wato yatsan babba ya shige a sake, da wuya ya rufe gaba ɗaya. Ana iya samun doguwar cibiya mai ƙaramin rami, fata ce kawai ta yi yawa. Ana kuma iya samun gajeriya mai faffaɗan rami.

Yawancinsu sukan rufe kafin shekara 2, kuma kusan takwas zuwa tara cikin goma sun rufe kafin shekara 5. Saboda haka yaron da ke ci, yana wasa, cibin na da taushi yana komawa idan an danna, jira ake yi. Manna kwabo da filasta ko ɗaure ciki da ƙyalle ba a tabbatar yana rufe zobe ba. Abin da yake jawowa shi ne saluɓewar fata da ƙuraje, kuma ya ɓoye wurin da ya kamata ido ya riƙa gani kullum. Sakiya ko tsagar wanzami a kan cibi kuwa ganganci ne da rai: tsakanin aska da hanji babu komai sai fata da tantani.

Ana yin tiyata idan yaro ya kai shekara 4 zuwa 5 ramin bai rufe ba, ko ramin babba ne yana ƙara faɗi, ko fatar ta yi siriri tana gyambo, ko abin ya taɓa maƙalewa ko da sau ɗaya. Aikin ba mai tsawo ba ne. Yaro yakan daina cin abinci awa 6 kafin a shiga, nono awa 4, ruwa zalla awa 2. Ana ba shi maganin barci, a yi ɗan yanka mai lanƙwasa a ƙasan cibiya inda tabo zai ɓuya, a raba buhun tantanin daga fata, a mayar da abin da ke ciki, a ɗinke zoben da zare, sa'an nan a kama bayan fatar cibiya a ɗinke ta da ƙasa don ta lotsa. Ba a sa wa yara raga, wato saƙar zaren roba da ake ƙarfafa wurin da ita a manya. Minti 30 zuwa awa ɗaya an gama, galibi a ranar ake sallama, kuma da wuya ya dawo.

Idan ya maƙale

Haɗarin cibi ɗaya ne: abin da ya fito ya ƙi komawa. Ga yadda yake tafiya. Gefen zobe ya matse hanji. Jijiyoyin da ke fitar da jini daga hanjin su ne masu siririn bango, don haka su ke fara toshewa. Jini na shiga ba ya fita, hanjin ya kumbura, kumburin ya ƙara matsi, daga nan masu kawo jini su ma su toshe. Hanjin ya yi ja, ya yi baƙi, ya mutu, ya huje, kashi ya malale a ciki. Cikin kamar awa 6 ana iya kaiwa ga mutuwar hanji. Abin mamaki, rami matsakaici ya fi faffaɗa yin wannan ɓarna, domin ya isa hanji ya fita amma bai isa ya dawo cikin sauƙi ba.

Alamun ba sa ɓuya. Kumburin da dā yake da taushi ya yi tauri, ba ya taɓuwa saboda zafi, fatarsa ta yi ja ko duhu. Sai amai, musamman kore, ciki ya kumbura, kashi da tusa su ɗauke. Jariri ya ƙi nono ya yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa. Wani lokaci gefen hanji kawai zoben ke cafkewa, hanya ba ta toshe duka ba, sai mutum ya ci gaba da yin bahaya alhali wurin da aka cafke yana ruɓewa. Don haka fitar kashi ba hujjar zama a gida ba ce idan akwai tauri da zafi.

Abin yi shi ne a tafi asibitin da ake tiyata nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ba shi abinci ko ruwa ko jiƙo, saboda za a iya buƙatar maganin barci. Kada a yi ta dannawa da ƙarfi, don tura mataccen hanji ciki ya fi barinsa a waje muni. A ƙasashen Turai maƙalewar cibin yara abu ne da ba a cika gani ba, amma rahotannin asibitocin koyarwa na Zariya da Jos sun nuna kaso mai yawa na yaran da aka kawo da cibi sun zo ne bayan ya maƙale, har da waɗanda fata ta fashe hanji ya fito. Ba wai yawancin masu cibi haka suke ƙarewa ba, masu lafiya ba a kawo su asibiti tun farko. Amma ya isa ya nuna cewa jira ba sakaci ba ne: duk mai rainon yaro mai cibi, har da kaka da yayye, ya kamata ta san waɗannan alamu.

Cibin manya

A nan hukuncin ya juya. Kusan tara cikin goma na cibin manya ba na yarinta ba ne, sabo ne. Farin layin nan ne ke saki a gefen tsohon tabo, galibi a ɗan sama da cibiya, shi ya sa cibiyar kan karkace ta zama kamar jinjirin wata. Abin da ke jawo shi duk abin da ke ƙara matsi a ciki ne na tsawon lokaci: haihuwa a kai a kai, goyon cikin tagwaye, ƙiba, tarin da ya daɗe irin na fuka, taurin bahaya, yunƙurin fitsari ga dattijo mai kumburin furostet (gaɓar da ke ƙasan mafitsarar maza), ɗaukar kaya masu nauyi, da taruwar ruwa a ciki. Mata sun fi maza samu.

Na babba ba ya rufewa. Sai dai ya ƙara girma, kuma ga wuyansa matsattse ga gefensa mai tauri, kitsen da ya shiga yakan manne da buhun ya ƙi komawa. Babu ƙwaya, babu jiƙo, babu motsa jiki da ke ɗinke rami. Ɗamara ko bel na ciki na iya rage nauyin da ake ji, amma ba ya hana shaƙewa. Ƙarami wanda ba ya damun mai shi ana iya sa masa ido bisa shawarar likita. Mai ciwo, mai girma, ko mai wahalar komawa, gara a yi masa tiyata a tsanake da a yi ta cikin gaggawa, inda ƙila sai an yanke wani ɓangare na hanji.

Akwai abin da mata masu haihuwa da yawa kan ɗauka cibi ne alhali ba shi ba ne. Mace ta kwanta ta ɗaga kai, sai doguwar kunya irin ta gona ta taso daga ƙasan ƙirji zuwa cibiya. Tsokoki biyun nan ne suka ware, layin tsakiya ya miƙe ya yi faɗi amma bai huje ba. Wannan ba ya shaƙe hanji. Sai dai sau da yawa akan samu cibi na gaskiya tare da shi, kuma ɗinki a kan layin da ya saki ya fi saurin warwarewa. Idan hannu bai bambance ba, ko mai jiki ce, hoton ciki na sikanin yakan raba gardama.

Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin wannan fanni na Turai da Amurka suka fitar a 2020 ta kasa ramin gida uku: ƙasa da santimita 1, daga 1 zuwa 4, da sama da 4. Na farko ana iya ɗinke shi da zare kawai. Daga santimita 1 zuwa sama ana so a sa raga, wato saƙar zaren roba da ake shimfiɗawa a bayan bangon ciki, tsakanin farin layi da tantani, ta zarce gefen ramin da kamar santimita 3 ta kowane ɓangare. Nama yakan tsiro cikin ramukanta ya zama bango ɗaya. Wani gwaji da aka wallafa a 2018 a kan ramuka masu santimita 1 zuwa 4 ya samu dawowar cibi a kashi 4 cikin 100 na waɗanda aka sa wa raga, kashi 12 na waɗanda aka ɗinke kawai. Tsohuwar hanyar da likitan tiyata William Mayo ya bayyana a 1901, ta ɗora gefe ɗaya kan ɗaya a ɗinke, har yanzu ana yin ta inda babu raga, amma ta fi saurin saki saboda ɗinkin yana kan ja. Manyan ramuka, da masu ƙiba sosai, sun fi dacewa da tiyatar kyamara inda akwai kayan aikin. Ƙaramin cibi kuwa ana iya yinsa da allurar kashe wuri mutum na farke.

Shiri kafin aiki yana da tasiri kamar aikin kansa. A bar sigari mako 4 zuwa 6, a daidaita suga, a rage ƙiba, a magance tari ko matsalar fitsari, in ba haka ba abin da ya huda wurin da farko zai sake huda shi. Mai ciki ba a yi mata tiyata sai idan ya maƙale. Ana jira ta haihu ciki ya koma, kuma idan cibin ƙarami ne ba ya ciwo kuma tana sa ran wata haihuwar kusa, jinkiri yana da amfani, don sabon ciki na iya warware gyaran.

Masu ciwon hanta da ruwa ya taru musu a ciki, wanda a yankinmu ciwon hanta nau'in B na cikin manyan dalilansa, nasu ya fi tsanani. Kusan ɗaya cikin biyar na samun cibi. Fatar takan yi sheƙi ta yi siriri, ta yi gyambo, ta fashe ruwa ya yi ta zuba, ƙwayoyin cuta su shiga. Sai an shawo kan ruwan da magani da rage gishiri kafin ɗinki ya riƙe, kuma gyambo ko ɗigar ruwa a irin wannan cibiya zancen gaggawa ne.

Bayan tiyata ana so mutum ya tashi ya taka tun ranar farko. Salla a zaune ba laifi har zafin ruku'u da sujada ya ragu. Daka, jan ruwa a rijiya, dako da noma su jira mako 4 zuwa 6. Kumburi mai taushi marar zafi a wurin aikin yawanci ruwa ne ya taru inda buhun yake, yakan tsotse da kansa, kada a huda shi a kemis don allura na iya kai cuta ga raga. Ja, zafi, mugunya ko zazzaɓi kuwa a koma wurin wanda ya yi aikin.

Abin da ba cibi ba

Bayan guntun cibiya ya faɗi wani lokaci akan ga jan tsiron nama mai laima. Ma'aikacin lafiya kan ƙona shi da ɗan tsinke mai maganin silba, ko ya koya wa uwa sa ɗan gishirin girki a rufe na minti 10 zuwa 30, sau biyu a rana na kwana uku. Amma sai an duba tukuna, domin idan bai jin magani yana iya zama ragowar hanyar hanji. Cibiyar da ke ɗigar ruwa garai-garai mai zarni, hanyar mafitsara ce ba ta rufe ba. Mai fitar da abu kamar kashi, hanyar hanji ce. Duka biyun tiyata suke so. Jan da ke yaɗuwa a kewayen cibiyar sabon jariri, da wari da zazzaɓi, kwanciyar asibiti ce da allurai. Jaririn da aka haifa da hanji a waje, cikin farar jaka a gindin igiya ko tsirara a gefen dama, a rufe wurin da leda mai tsabta, a ɗumama shi, kada a ba shi komai ta baki, a garzaya da shi.

A manya, macen da cibiyarta ke kumbura tana jini duk lokacin al'ada, irin naman cikin mahaifa ne ya tsiro a wurin. Dattijo ko dattijuwa mai ƙullutu mai tauri a cibiya, wanda ba ya komawa, ba ya motsi idan an yi tari, ga rama da rashin cin abinci, ba ɗinki yake buƙata ba. Ciwon daji na tumbi, hanji ko ƙwan mace yakan bi waɗancan tsofaffin zaruruwa da hanyoyin jini ya ɓullo a cibiya, don haka sai an yi hoton ciki an kuma ɗebi naman an gwada kafin a yanke shawarar komai.